Gyaran Muryar Malam Inuwa

Shekara ashirin da bakwai Hajiya Ummu Salma tana shiga motar gidansu ta ƙofar baya. Malam Inuwa, direban gidan, shi yake buɗe mata, ta zauna ta tattare bakin mayafinta, ya rufe. Ta san ƙeyarsa fiye da yadda ta san fuskarsa. A gaban idonta furfura ta fara leƙowa daga ƙarƙashin hularsa, ɗaya-ɗaya, har ta game kan duka.

Abu biyu ne suka haɗu a shekara guda suka tashe ta daga wannan kujera. Maigidanta, Alhaji Mahmudu, tsohon alƙali da ya yi ritaya, ya yanke jiki ya faɗi wata safiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya kawo sauƙi, har yana takawa da sanda, maganarsa ma ta dawo, sai dai a hankali take fita. Amma sau uku a mako sai an kai shi asibiti gashin ƙashi. Ana cikin wannan kuma Malam Inuwa ya zo ya durƙusa a falo ya ce idonsa ya fara yin yana. Likita ya sa ranar aiki, wata biyu masu zuwa, ranar sha biyar ga wata. Daga asibiti 'ya'yansa za su wuce da shi gida Ringim, sun ce wahalar ta isa haka.

"Da rana ina gani tas, ranka ya daɗe," in ji shi. "Amma mota amana ce. Gara in faɗa da bakina."

An gwada sabon direba, kwana biyu ya yi. Shigar da Alhaji mota aiki ne, sai an ɗaga masa ƙafa, an tallafi kafaɗa, wani lokaci har a goge masa gefen baki. A rana ta biyu Alhaji ya hangi idon mutumin a madubi yana kallonsa cikin tausayi. Suna dawowa ya ce a sallame shi da alheri.

"Inuwa... ko ke," ya ce wa matarsa. "Ban da ku... babu."

Taufiq, babban ɗansu da ke aiki a Abuja, ya bugo waya da tasa shawarar. Ya ce in Malam Inuwa ya tafi a rufe gidan Nassarawa su koma wurinsa, ya gyara musu ɗakin ƙasa, shi zai riƙa kai Abba asibiti da kansa. Wayar a buɗe take, Alhaji yana ji. Ya juya kai yana kallon bishiyar mangwaron da ya shuka shekarar da suka tare a gidan, wadda abokansa ke zama tare da shi a ƙarƙashinta kullum bayan la'asar. Hajiya ta kalli yadda yake kallonta, ta san in aka tumɓuke shi daga nan, ƙafar da ta fara takawa za ta koma ta kwanta.

"Zan koyi mota," ta ce.

Taufiq ya yi dariya, sannan ya ji shiru, ya ce, "Yi haƙuri, Umma. Da gaske kike?"

"Ka taɓa jin na yi maka wasa da lafiyar mahaifinka?"

A kan haka aka tsaya. In lasisi ya shigo hannunta kafin sha biyar ga wata, suna nan. In bai shigo ba, Taufiq zai zo ya kwashe su.

Makarantar koyon tuƙi ta nuna mata alamomin hanya da yadda ake riƙe sitiyari, ta ba ta takarda. Amma ainihin koyon, da Malam Inuwa ta yi shi, kullum bayan karin kumallo. Ranar farko ta shiga mazaunin direba, ta gyara zama, tana jira ya zagayo ya zauna a gefenta. Sai ta ji an buɗe ƙofar baya.

"Malam Inuwa, ba gaba za ka zauna ba?"

"A'a, Hajiya, nan ma ya wadatar."

"To ta yaya za ka koya mini daga can?"

"Ai ina hangen titi, Hajiya."

Babu yadda ba ta yi ba, ya ƙi. Shi a jere da matar maigida, kafaɗa da kafaɗa? Ko kujerarta ta baya ma bai yarda ya zauna a kai ba. Tsakiya ya ɗosana, a bakin kujera, hannuwa a kan gwiwa, kamar ɗalibin da aka kira ofis.

Kuma bai taɓa ce mata ta yi kuskure ba. In ta hau dakalin gefen titi, ya ce, "Ba laifi, Hajiya, dakalin ne ya fito da yawa." In ta manta sigina, ya ce ai ba kowa a baya. Wuri ɗaya ne shirunsa ba ya iya kaiwa, wato in sun doshi mahaɗar titi ko tudun rage gudu, ya ga ba ta da niyyar sassautawa. Ba zai iya buɗe baki ya ce mata taka burki ba. Sai ya yi gyaran murya, ɗan ƙarami, can cikin maƙogwaro. Ƙafarta ta sauka kan burki, mota ta tsaya. Ya ce, "Madalla, Hajiya."

Ita ba ta lura ba. Abin da take ji kawai shi ne hannunta ya faɗa. Titunan unguwarsu ga faɗi ga inuwar darbejiya da maɗaci, motoci jefi-jefi. Tana bi ta Titin Sultan ta ɓulla Audu Bako, ta zagayo ta Filin Sukuwa ta dawo gida, masu gadi a kan bencinsu suna ɗaga mata hannu suna cewa, "Hajiya direba, a sauka lafiya!" Mako shida ana haka. Ko kaza ba ta taɓa bugewa ba.

Ranar gwaji ta tafi da ƙarfin gwiwarta. Jami'in da aka haɗa ta da shi dattijo ne mai tumbi, da allon rubutu a hannu da goro a kunci. Ya shiga gaba ya zauna. Malam Inuwa ya tsaya can ƙarƙashin wata bishiya a harabar ofishin. Aka sa ta ta yi ribas tsakanin tsofaffin tayoyi, ta yi, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Aka ce ta fita titi.

Ba su yi nisa ba ɓarɓashin goro ya tsaya wa jami'in a wuya. Ya yi gyaran murya.

Ƙiiii! Mota ta tsaya cak a tsakiyar titi. Allon ya kuɓuce ya bugi gaban mota.

"Lafiya, Hajiya?"

"Lafiya lau, Yallaɓai. Na ga kamar..." Ta duba gaba. Babu komai, ko leda.

"To mu je."

Suka ci gaba. Goron bai wuce ba. Ya sake gyara murya, ta sake kafa burki, har hularsa ta zamo kan hancinsa. Na uku a cikin shataletale ya same su. Wani ɗan A Daidaita Sahu da ke binta a baya ya kauce da ƙyar, ya leƙo yana ɗaga hannu, "Hajiya, tsakar gidanku ne nan?"

Da suka koma harabar, jami'in ya daɗe yana rubutu.

"Hajiya, burkin motarki dai lafiyarsa ƙalau, na shaida. Amma ke ba kya shawara da titi kafin ki taka. Ki dawo nan da mako biyu."

Mako biyu ya kama sha biyu ga wata. In ta sake faɗuwa, babu sauran wata dama kafin tafiyar Malam Inuwa.

A hanyar gida shi ya tuƙa, ta koma kujerarta ta baya. Ya tambaye ta abin da ya faru, ta ce ita ma ba ta sani ba, ƙafarta ce ta riƙa takawa ita kaɗai. Ya ce, "Tsautsayi ne, Hajiya." Shi yana waje, bai ji tarin jami'in ba.

Washegari da hantsi ƙanwarta Larai ta zo daga Kaura Goje jajanta mata. Larai malamar asibiti ce, shekara goma tana tuƙa wata 'yar ƙaramar mota da ta sha duka ta ko'ina, kuma bakinta ba ya riƙe magana.

"Yaya, ni ban ga abin wahalar da kai ba," ta ce tana cire takalmi. "Na san wani, hoto kawai za ki ba shi, ko motar ba sai kin shiga ba."

Alhaji yana kishingiɗe a kujerarsa, an zaci barci yake. Ya buɗe ido.

"Shekara talatin... ina zaman shari'a," ya ce. "Ba za a tuƙa ni... da takardar ƙarya ba."

"Tuba nake, Allah ya gafarta Malam," in ji Larai. Ta rage murya ta ce wa yayarta, "To sai ki fara ɗaure kaya."

Hajiya ta shiga kicin ta ɗauko wa Alhaji kunun gyaɗarsa a faranti. Tana tsakiyar falo Malam Inuwa ya iso bakin ƙofa karɓar makullin mota. Kamar yadda kowane namiji mai kunya yake yi kafin ya yi sallama a inda mata suke, sai ya fara yin gyaran murya.

Ƙafar Hajiya ta dama ta doki ƙasa, tim! Kunun ya fantsama a farantin.

"Yaya, kyankyaso kika taka?"

"Ban ga komai ba."

Larai ta kalli ƙafar, ta kalli ƙofa. Ta sake kallon ƙafar.

"Malam Inuwa, don girman Allah koma baya ka sake yin abin da ka yi yanzu."

"Sallamar, Hajiya ƙarama?"

"A'a, na kafin sallamar."

Bai gane dalili ba, amma ya yi. Wannan karon Hajiya tana sane, tana kallon ƙafarta, amma duk da haka yatsun suka danna tayil.

Larai ta zube a kan kafet tana riƙe ciki. "Wallahi burki take takawa! A falo! Yaya, mutumin jiya tari yake yi?"

Hajiya ta tsaya da farantin a hannu. Ta tuna goron, ta tuna sau ukun. "Goro ne ya tsaya masa," ta ce a hankali.

Alhaji ya gyara zama. Rabon da a ga wannan kallon a idonsa tun yana zuwa kotu.

"Inuwa. Shigo."

"Ranka ya daɗe." Ya durƙusa a bakin kafet.

"In ta doshi mahaɗa... me kake ce mata?"

"Ba na cewa komai, ranka ya daɗe."

"To me... kake yi?"

Malam Inuwa ya sunkuyar da kai. "Ina ɗan gyara murya."

"Sau nawa?"

"Duk inda ya kamata a tsaya."

"Me ya hana ka... faɗa da baki?"

"Ranka ya daɗe, Hajiya ce fa. Ni in ce mata yi kaza, bari kaza? Da wane bakin?"

Ɓarin fuskar Alhaji mai lafiya ya motsa, kafaɗarsa ta fara girgiza. Dariya yake yi, ta farko tun kwanciyarsa. Larai kuwa har da hawaye.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ajiye farantin ta shige ɗaki, ta zauna a bakin gado. Mako shida tana zagaya unguwa tana amsa gaisuwar masu gadi, ashe ko sau ɗaya ba ita ta tsayar da motar ba. Har yanzu Malam Inuwa ne yake tuƙa ta, kujera kawai suka musanya. Ta tuna ran da ta bi ta gaban makarantar firamare ana tashi, yara suna tsallakawa a guje. Da a ce ranar ita kaɗai ce a motar fa? Kuma wai ita ce za ta ɗauki Alhaji nan da kwana goma sha shida.

Larai ta biyo ta, ta zauna kusa da ita tana goge ido. "Haba, Yaya. Jiya ba mu san ciwon ba, yau mun sani. Ai an rage hanya."

"Ban iya ba, Larai. Ashe ban taɓa iyawa ba."

"Wa ya yi ribas tsakanin tayoyi? Maƙogwaron Malam Inuwa? Taso, alƙali zai yanke hukunci."

Hukuncin bai yi tsawo ba. Daga yau in mota tana tafiya, Malam Inuwa ba shi ba gyaran murya, sai in rai ne zai salwanta, nan kuwa ya yi ihu da baki sosai. In an tsaya, ya faɗa mata kuskurenta ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ɗora wa dakali laifi ba.

"Ranka ya daɗe, wannan na biyun..."

"Umarni ne... Inuwa."

"Ni kuma a ba ni gaba," in ji Larai. "Wannan makon da na sama aikin yamma nake. Zan zauna in yi ta tari har ƙafar nan ta gaji ta daina kula ni."

Ta fita ta dawo da ƙullin minti ta danƙa wa Malam Inuwa. Ta ce baki in yana da abin yi ba ya shiga sharo ba shanu.

Fitarsu ta farko, kafin su kai ƙarshen layi Larai ta yi tari sau huɗu, sau huɗu motar ta yi tsalle ta tsaya. Sannan suka doshi tudun rage gudu na kusa da Filin Sukuwa. Hajiya ta san tudun, kullum ta kansa take bi. Ta gan shi yana matsowa. Wani abu a jikinta yana jira a ce mata yanzu. Ba wanda ya ce. A baya sai ƙarar minti da aka tauna da ƙarfi, ƙarau.

Gwaram! Motar ta hau ta dira. Hular Malam Inuwa ta faɗo ƙasa, kan Larai ya bugi rufi.

"Inna lillahi! Yaya, ƙashin bayana!"

Hajiya ta gangara ƙarƙashin wata darbejiya ta kashe mota. Ta juyo gaba ɗaya ta kalli Malam Inuwa. Goshinsa ya jiƙe da gumi.

"Faɗa mini."

"Ba laifi, Hajiya, tudun ne suka..."

"Me Alhaji ya ce?"

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya kalli waje kamar mai neman wanda zai cece shi.

"Hajiya," ya ce da ƙyar, "kin yi ganganci."

Yana faɗa ya kai hannu baki.

"Na gode. Ci gaba."

Ya sauke hannun daga bakinsa. Sannan kamar an fasa madatsar ruwa.

"Hancin mota kike kallo, ba titi ba. Ki jefa idonki can gaba, wajen turken lantarki na uku, abin da zai same ki daga can yake tahowa. Madubin hagu kuma tun da muka fara ba ki taɓa duba shi ba, kamar kuna gaba da juna. Sitiyarin nan ba wuyan ɓarawo ba ne, ki sassauta masa. Kuma burki ba a yi masa dukan sakwara, lallaɓa shi ake yi, tun daga nesa."

"Kai!" in ji Larai. "Ashe da magana a bakin nan! Shekara ashirin da bakwai yana tara ta!"

"A yi mini afuwa, Hajiya."

"Ba afuwa. Gobe ma haka nake so."

Tun daga ranar darasin ya canja. Su yi tafiya cikin shiru, ban da tarin Larai, sannan su tsaya a inuwa Malam Inuwa ya buɗe abin da ya tara a shekara arba'in a kan titi. Ya koya mata in ta zo wucewa ta gefen motocin da aka ajiye a bakin makaranta, ta riƙa duba ƙarƙashinsu, ƙafar yaro tana riga kansa bayyana. Ya koya mata kada ta yarda da hannun da wani direba ya ɗaga mata wai ta wuce, sai ta gani da idonta.

"Ɗan A Daidaita Sahu kuma, Hajiya, kada ki jira fitilarsa. Da wuya yake ba da sigina. In kin ga ya karkata kai yana leƙen fasinja a gefen titi, to ya riga ya tsaya a zuciyarsa, babur ɗin ne bai samu labari ba tukuna."

Larai kuwa ta ɗauki aikinta da gaske. Akwai tarin tsofaffi, akwai na jarirai, akwai wanda take cewa na mai goro ne, da atishawa a tsakani don ƙari. Ranar farko sau goma sha ɗaya ƙafar ta amsa mata. Rana ta biyar sau uku. Rana ta bakwai maƙogwaron Larai ya kama ciwo da gaske, sai da Malam Inuwa ya ba ta aron minti. Rana ta goma Hajiya ta mayar da ita gida har Kaura Goje, ta cikin lungunan da awaki ke kwance a tsakiyar hanya da masu turin ruwa, Larai tana ta tari har maƙwabta suna yi mata sannu ta taga. Motar ba ta tsaya ba sai inda Hajiya ta ga dama.

Duk da haka, ana gobe gwaji abinci ya ƙi shiga. Bayan la'asar, da abokan Alhaji suka watse, ta je ta zauna kusa da shi a ƙarƙashin mangwaron.

"Alhaji, in na sake faɗuwa fa?"

Ya daɗe kafin ya haɗa maganar. "Sai mu tafi... Abuja. Ba ke kika... sa mini ciwon ba." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nata. "Amma jiya... ta taga... na ga shigowarki get. Ba ki... taɓa ginshiƙi ba. Inuwa ma... ya taɓa shi sau biyu."

Ranar sha biyu ga wata, jami'in nan dai aka sake ba ta. Yana hango ta ya washe baki.

"A'a! Hajiya mai burki! Bari in ɗaura bel tun daga nan."

"Bismilla, Yallaɓai."

Ya shiga, ya ɗaura, ya ɓantari goro. Ta kalli goron, ta yi addu'ar hawa abin hawa a ranta. Ribas ya wuce lafiya. Suka fita titi. Ta jefa idonta wajen turke na uku, ta duba madubin hagu, ta sassauta yatsunta a kan sitiyari.

Sun kusa wurin da ta fara tsayawa wancan karon sai ga shi, gyaran murya, mai ƙarfi ma, har da tari biyu a bayansa. Yatsun ƙafarta suka motsa a cikin takalmi. Ta ce a ranta, Larai ce. Motar ta ci gaba da tafiyarta sumul.

"Sannu, Yallaɓai," ta ce, idonta a kan titi. "Akwai ruwa a aljihun ƙofa."

Ya kalle ta ta gefen ido, ya ɗauki ruwan ya sha.

Gab da shataletale wani A Daidaita Sahu ya shigo gabanta. Yana gudunsa, ba fitila ba komai. Can gefen titi wata mata tana tsaye da kula a hannu. Hajiya ta ga wuyan direban ya karkata wajenta. Ta ɗage ƙafa daga totur, ta duba madubi, ta fara lallaɓa burki. Sai ga babur ɗin ya tsaya cak a gabanta, ko gefe bai gangara ba. Motarta ta riga ta tsaya, da tazarar da mutum zai wuce da faranti a ka.

Cikin motar shiru. Ba wanda ya yi tari. Ita ta gani, ita ta tsaya.

"Ta yaya kika san zai tsaya?" in ji jami'in. "Ko sigina bai yi ba."

"Wuyansa na gani, Yallaɓai."

"Wuyansa." Ya maimaita, ya jinjina kai, ya yi rubutu.

Da suka shigo harabar, Malam Inuwa yana tsaye a inda suka bar shi, kuncinsa ya kumbura da minti, ko da yake ba wanda ya hana shi tari a nan. Ta ajiye motar daidai cikin layi ta kashe. Jami'in ya sa hannu a takarda ya miƙa mata.

"Kin ci, Hajiya. Ki shiga ciki a ɗauki hotonki, za su ba ki na wucin gadi ki fara amfani da shi. Wanda ya gyara miki ƙafar nan, a gaishe shi."

Ya fita. Ita kuwa ta ci gaba da zama a kujerarta. Numfashin da ta riƙe tun wata biyu ya fita a lokaci guda, ta ce alhamdu lillahi, ta kifa goshinta a kan sitiyari. Odar motar ta ɗauka, ɗiiiit, duk harabar aka waiwayo. Malam Inuwa ya taho a guje yana riƙe da hula.

"Hajiya! Lafiya?"

Ta ɗago tana dariya, hawaye yana zuba, ta nuna masa takardar ta gilashi. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya kasa karantawa, amma ya gane. Ya juya baya ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

Tun a wurin ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Taufiq. Kafin ta mayar da wayar jaka ya kira.

"Umma! Da gaske?"

"Ɗakin ƙasan nan ka bar wa baƙi. In mun zo hutu ma kwana a ciki. Ni zan tuƙo mu."

"A'a, Umma, don Allah! Hanyar Abuja dai tukuna!"

Ranar sha biyar ga wata da safe ta fito da motar da kanta. Ta ɗaga ƙafar Alhaji ta shigar da shi gaba, ta ɗaura masa bel, don ya ce ba za a kai Inuwa asibitin ido ba da shi ba. Malam Inuwa ya fito da 'yar jakarsa. Ta riga shi zuwa ƙofar baya ta buɗe, ta ɓangaren kujerar da ta zauna a kai shekara ashirin da bakwai.

"Subhanallahi, Hajiya, ni?"

"Shiga, Malam Inuwa, kada mu makara. Kuma ka jingina."

Ya shiga. Ya jingina rabi.

Mai gadi ya buɗe get, ta fita ba ta taɓa ginshiƙi ba. A mahaɗar ƙarshen layi wata motar ɗaukar yashi ta taho daga dama. Hajiya ta ji an ja numfashi a baya, irin jan da ta sani sarai. Kafin ya gama ja ta riga ta tsaya. Ta ji ya haɗiye abinsa, muƙut.

Alhaji ya ɗan juyo da kai.

"Inuwa."

"Ranka ya daɗe."

"Yi tarinka... Yanzu ya halatta."

Motar yashin ta wuce. Hajiya ta duba dama, ta duba hagu, ta hau titi. Malam Inuwa ya saki tarin da ya yi mako biyu yana dannewa, mai tsawo, har da share ido. Motar ko gezau ba ta yi ba.